Tambayi Likita: gamalin a kan yarinya, man taransifoma a gwiwa, da batun nonon uwa

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka iso mini nan Tawa a wannan karon kusan duka hanya ɗaya suka bi: magungunan ƙwari da sauran gubobin da ake haɗawa da sinadarin kulorin, waɗanda in sun shiga ƙasa ko ruwa ko jikin mutum sukan yi shekaru ba su lalace ba. Na haɗe masu kama da juna, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Wanda ke da marar lafiya kwance a gida kada ya tsaya karatu, ya kai shi asibiti tukuna.

Wani magidanci daga Sabon Gari, Tawa: Likita, ruwan famfonmu wani lokaci yana warin jabel, kuma lokacin kwalara an ce mu riƙa jefa ƙwayar tsabtace ruwa a randa. Yanzu na ji ana cewa kulorin na kawo ciwon daji. Mu bari?

Kada ku bari, Malam. Kulorin ɗin ruwa daban, gubobin da muke magana a kansu daban. Gishirin miyarka ma akwai kulorin a cikinsa. Ku bi awon da aka rubuta, ku jira minti 30 kafin a sha. Zawo da amai ne ke ɗauke mana yara, ba warin jabel ba.

Wata budurwa daga Madawa: Gaskiya ne DDT ne ake jiƙa sangen da ake rabawa da shi?

Ba shi ba ne. DDT tsohon maganin ƙwari ne, yana cikin gubobin nan masu daɗewa. Maganin da ke jikin sange wani iri ne da ba ya taruwa a jiki. Ki shanya sabo a inuwa kwana ɗaya, ki ɗaura, ki kwana ciki kowane dare, musamman da damina.

Wata uwa daga Badagishiri: Likita, ɗiyata mai shekara 6 ta kwaso ƙwarƙwata a makaranta. Uwar mijina ta ce a samo gamalin a dama da man gyaɗa a shafe mata kai, a ɗaure da leda ta kwana, wai haka suka yi wa nasu ƴaƴan. Na ce ina tsoro, ta ce ko ya shiga baki ai sai a ɗura mata madara ko manja, guba ta karye. Ba na son in yi mata musu. Yaya zan yi?

Ƴar'uwa, tsoronki yana kan hanya, kuma don Allah kada a yi. Abu biyu ne a cikin tambayarki, kowannensu ya isa ya raba ki da yarinyar.

Mu fara da gamalin. Sunan gubar da ke ciki lindan. Lamba 20 da tsofaffin manoma suka sani a jikin gwangwaninsa tana nufin kashi 20 cikin 100 guba ce zalla. An taɓa yin man ƙwarƙwata na asibiti da lindan, amma kashi 1 cikin 100 ne, kuma shi ɗin ma ƙasashe da yawa sun janye shi saboda yara na jijjiga bayan an shafa musu. Na gona ya ninka wancan sau 20. To duba abin da ake shirin yi. Kan yarinyar da ƙwarƙwata ta addaba duk ƙuraje ne da raunin susa, ƙofa a buɗe ke nan. Lindan a cikin mai yake narkewa, don haka man gyaɗar shi zai taimaka masa ya ratsa fata. Leda kuma za ta riƙe zafi da gumi, ta hana shi tashi, ta manne shi da fata dare guda cur. Da a ce wani ya zauna ya tsara yadda guba za ta fi shiga jinin yaro, da wuya ya tsara abin da ya wuce wannan.

Kai tsaye ƙwaƙwalwa yake nufa. Amai, jiri, rawar jiki, sai jijjiga irin ta farfaɗiya, yaro ya sanƙare yana kumfar baki, kuma sau da yawa cikin dare, kowa na barci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo baya: a ce iska ce ta taɓa ta, a kunna turare, a aika karɓo rubutu, ledar kuwa tana nan ɗaure a kanta tana ƙara zuba mata guba. Addu'a ba ta hana wanke kai da sabulu, ba ta hana hawa babur zuwa asibiti.

Tun 2009 aka sa lindan cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan gubobi masu daɗewa, ta hana amfani da su a gona, kuma a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Ƙari a kan haka, abin da ake zubawa a ƴan kwalabe marasa takarda ranar kasuwa a kira shi gamalin ko fiya-fiya, mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba.

Maganar "haka muka yi wa namu" kuwa, ina girmama Inna, na kuma san ba mugunta ta sa ta faɗa ba. Amma waɗanda ƴaƴansu suka tsira su ne ke ba da labari. Wanda nasa ya yi jijjiga ya cika kafin asuba, an ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya koma ya dubi kwalbar.

Sai madara da manja. Wannan imani ya yi jijiya ƙwarai, har masu ilimi na yinsa, kuma ya saɓa wa gaskiya gaba ɗaya. Irin waɗannan gubobin ba sa narkewa a ruwa, a cikin maiƙo suke narkewa. In aka bi su da madara, ko manja, ko man shanu, hanji zai tsotse su da sauri fiye da in an bar cikin haka nan. Sannan yawancin maganin feshi ana dama shi ne da wani ruwa ɗan uwan kananzir. In aka sa yaro amai, da yatsa ko da ruwan gishiri, ruwan nan na iya sarƙe shi ya gangara huhu, ya ƙone shi. Haka in aka danne yaron da hankalinsa ya fara gushewa ana yi masa ɗura: rabin abin huhu yake tafiya. Saboda haka ba madara, ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba ruwan tsamiya, ba ruwan toka, ba yatsa a maƙogwaro.

Abin yi shi ne a tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fata da gashi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa leda a hannu. In yana jijjiga a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali ko ƙyalle a baki. A ɗauki kwalbar ko gwangwanin a tafi da shi asibiti mafi kusa nan take, ko da yaron yana wasa kamar ba abin da ya same shi, don alamun kan ɗauki sa'o'i kafin su fito. Kwalbar tana da amfani a gare mu: dangin fiya-fiya, masu sa dalalar miyau da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido, suna da allurar da ke karya su, lindan ba shi da makari, sai dai mu tsayar da jijjigar mu tsare numfashi har jiki ya farfaɗo. In ba mu san wanne aka sha ba, lalube muke cikin duhu.

Ƙwarƙwatar kanta ba abin tashin hankali ba ce. A tsefe kitson, a sayo man ƙwarƙwata a farmasi, a shafa yadda takardar ta ce, a taje da mataji mai ƙananan haƙora, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10 don kashe waɗanda suka ƙyanƙyashe. A wanke kallabi da rigar matashin kai da ruwan zafi, a duba kan sauran yaran gidan. Game da uwar mijinki, ba sai kin yi musu da ita ba. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti da yarinyar, ta ji daga bakin ma'aikacin lafiya, ko ki sa ɗanta ya yi mata maganar. In ma an riga an shafa kafin ki ga wannan amsar, ki wanke yanzu, ki kai ta a duba.

Wata mai shayarwa daga Galmi: Likita, mijina yana yi wa mutane feshi a garkar albasa da tumati tun kafin aurenmu. Na ji a rediyo an ce gubar maganin ƙwari na fita ta nonon uwa. Ɗana wata 4. Gwaggona ta ce gara in yaye shi in koma madarar gwangwani da kunu. Tun da na ji abin ba na iya barci.

Ɗiyata, ki ci gaba da ba shi nono, nono zalla har ya cika wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Na fara da wannan don kada ki ɗauki rabin bayanina ki tafi da shi.

Abin da kika ji a rediyo akwai gaskiya a ciki. Akwai rukunin gubobi, irin su DDT, diyaldirin, lindan, PCB da dayoksin, waɗanda rana da ruwan sama da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya ruɓar da su da wuri. Jikinmu ma haka: ƙoda ba ta iya fitar da su cikin fitsari don ba sa bin ruwa, sai su je su maƙale a kitse. Jiki ya zame musu asusu, kullum ana jefa ɗan kaɗan, ba a cirewa. Dayoksin yakan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin rabin abin da ya shiga jiki ya fita. Ciyawa ta ɗauki kaɗan daga ƙasa, saniya ta yi shekaru tana kiwo tana tarawa a kitsenta da nononta, mu kuma mu ci mu tara nata a kan namu. Nonon mace yana da maiƙo, don haka wani kaso yakan bi ta nan, kuma ɗan fari ya fi samun rabo mai yawa.

Sai dai wannan ba matan Galmi kaɗai ya shafa ba. Tun 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya ke auna nonon mata a ƙasashe daban-daban, kuma ana samun ɓurɓushin gubobin nan ko'ina, har a Turai da Amurka. Matan Inuwit na can arewacin Kanada cikin ƙanƙara, waɗanda ba su taɓa riƙe famfon feshi ba, an same su da adadi mai yawa, saboda iska da teku sun kai gubar can, su kuma abincinsu kitsen dabbobin ruwa ne. Wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001, ta fara aiki a 2004 da gubobi 12, Nijar ma tana ciki. Inda aka daina amfani da su, awon da ake samu a nono yana raguwa. Kuma duk da abin da hukumar ta gani da idonta, hukuncinta bai canza ba: amfanin nonon uwa ya rinjayi wannan haɗarin nesa ba kusa ba.

Mu auna da namu ma'aunin. A gefe ɗaya akwai ɗan ƙarin haɗari da ake tsoron ya shafi girma, garkuwar jiki ko sinadaran haihuwa nan da shekaru, kuma babban kasonsa tun yaro na ciki yake samunsa, yaye ba ya goge shi. A ɗaya gefen akwai jariri ɗan wata 4 da za a koma dama wa madara da ruwan rijiya, a cikin bulumbotin da ƙuda ke sauka a kai, gwangwanin kuma in ya kusa ƙarewa kafin kuɗi su zo a ƙara masa ruwa ya yi tsararo. Ƙarshen wannan mun san shi, gadajen yara masu tamowa cike suke da shi. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Wanda na fi ji wa tsoro a gidanku mijinki ne. Yawancin magungunan da ake fesa wa albasa da tumati yau ba masu daɗewa ba ne, cikin kwanaki ko makonni suke lalacewa, amma suna iya kayar da mai feshi a ranar. Kuma ba a rasa tsofaffin haramtattu cikin kayan da ke tsallako iyaka ba takarda. Endosulfan, alal misali, ƙasashen Sahel sun hana shi tun 2007, duniya ta bi sahu a 2011. Ya riƙa duba lambar amincewar CSP, kwamitin da ke tantance magungunan ƙwari na CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a jikin kwalba. Wadda ba ta da ita ya bar wa mai ita. Ya rufe hanci da baki, ya sa dogon hannu da takalmi, kada ya yi feshi yana fuskantar iska ko da tsakar rana, kada ya busa bakin famfo da bakinsa in ya toshe, kada ya ci goro ko ya sha taba yana cikin aikin.

Naki kuma: kayan feshinsa kada su shigo ɗaki, kada a wanke su tare da na jariri, kuma ba ke ce za ki wanke ba muddin kina shayarwa ko kina da ciki. Ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaron. Kwalbar magani ba ta kwana ƙarƙashin gado ko kusa da buhun hatsi. Kada ki shiga garka ranar feshi da goyo a baya. In kuwa maganin ya zube miki a jiki da yawa, ko kika ji jiri, amai ko ganin dishi-dishi bayan kin shaƙa, ki je asibiti a ranar da yaron, likita ne zai ce ko a ɗan dakata da nonon. Wannan hukunci ba na gwaggo ba ne, ba na rediyo ba.

Wani manomi daga Kaita: Iri ya rage mana bayan shuka, mai jan garin magani a jiki. In an wanke shi sau uku an shanya, ana iya ci? Kuma mene ne laifin zuba maganin feshi a buhun wake?

Ba a ci, Baba, ko sau goma aka wanke, kuma ba a ba kaji ko tumaki. Jan launin an sa shi ne don a gane guba ce. Na san ba ganganci ke kawo wannan tambayar ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ne, sabon hatsi bai nuna ba. Amma an taɓa gwadawa. A kudu maso gabashin Turkiyya, tsakanin 1955 da 1959, shekarun ƙarancin abinci, mutane suka ci alkamar iri da aka gauraya da wata guba mai kulorin da ake kira HCB. Mutum dubu uku zuwa huɗu suka kamu da ciwon hanta da na fata, fata ta yi ƙuraje masu ruwa in rana ta taɓa ta, ta yi duhu, gashi ya tsiro a fuska. Jarirai da yawa da iyayensu mata suka ci burodin suka rasu. Irin wannan ne nake nufi da na ce wa ƴar'uwarmu ta Galmi in uwa ta ci guba mai yawa a garzaya asibiti. Ka adana ragowar nesa da yara, ka rubuta a jikin buhun, ka shuka baɗi.

Wake kuwa, maganin da aka yi don ganye a gona ba a yi shi don abin da za a dafa ba. Buhun PICS mai ciki uku, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, reshen Maradi, suka yi aiki a kansa da jami'ar Purdue ta Amurka, yana kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba digon magani. Wake ya bushe sarai, a matse iskar, a ɗaure kowane ciki daban. Jarka mai murfi da ba ta taɓa ɗaukar magani ko mai ba ita ma tana yi, in an cika ta fal.

Wani dattijo daga Ƙonni: Ina fama da sanyin ƙashi. Wani ya kawo mini man taransifoma a ƴar kwalba, ya ce yana ratsa ƙashi. Mata ma na ji suna sa shi a man gashi.

Alhaji, ratsawa kam yana ratsawa, matsalar ke nan. Wallahi na rasa wanda ya fara ɗaukar man injin wutar lantarki ya mai da shi magani. Tsofaffin taransifomomi da yawa an cika su da PCB saboda ba ya kama wuta da wuri. An daina ƙera shi a yawancin ƙasashe tun shekarun 1970 zuwa 1980, amma injunan suna daɗewa, kuma sabon mai yakan gurɓata in an zuba shi inda tsohon ya zauna. Da ido ba ka bambance mai PCB da marar shi.

A 1968 a yammacin Japan, PCB ya tsiyaya cikin man girki a wata masana'anta. Dubban mutane suka kamu: ƙuraje masu baƙin kai a fuska da jiki waɗanda ba sa jin magani, farce da dasashi suka yi baƙi, idanu na kwantsa, mata suka haifi jarirai ƙanana masu duhun fata. An sake irinsa a Taiwan a 1979. Tun 2013 aka sa PCB cikin tabbatattun masu jawo ciwon daji. Wanda ya soya ƙosai ko kifi da shi don wai ba ya ƙonewa da wuri kuwa, jama'a yake shayar da guba.

Ka daina shafawa. Kada ka zuba shi a wuta, don ƙona shi na haifar da abin da ya fi shi muni, kada kuma ka tuttular a ƙasa. Ka toshe kwalbar ka kai wa ma'aikatan kula da muhalli. Gwiwarka kuma a duba ta a asibiti, ciwon gaɓɓai iri-iri ne, kowanne da maganinsa. In ka daɗe kana shafawa ka faɗa wa likitan, ya duba hantarka.

Wata mai abinci daga Tawa: Ta yaya zan gane kifin da aka kama da guba?

Da ido da wuya, Hajiya. Ki saya wurin masuncin da kika sani, ki guji tarin kifi manya da ƴan mitsi-mitsi da aka kawo gaba ɗaya da arha mai ban mamaki. Zuba gamalin a tafki haramun ne a doka, kuma tafki irin na Tabalak ba gudu yake ba, abin da aka zuba yana kwantawa a laka, dabbobi su sha, mutane su sha. Kada wannan ya hana yara cin kifi. A cire kayan ciki da kitsen ciki, shi ke nan.

Wani malamin makaranta daga unguwar Wadata: Bayan gidanmu bola ce, kullum da yamma ana cinna mata wuta. Kajinmu can suke kiwo. Akwai matsala?

Akwai, Malam, kuma kajin ne suka fi damuna. Dayoksin ba wanda ke ƙera shi da gangan. Yana samuwa ne in shara mai kulorin, irin su bututun roba, rigar wayar wuta da tsofaffin takalma, ta ci wuta a hankali tana hayaƙi, daidai irin wutar bola. Ya bi hayaƙi da toka ya sauka a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake shiga, musamman nama, nono, kifi da sauran masu maiƙo. Kaza tana tono tana haɗiye ƙasa, gubar ta taru a gwaiduwa. A 2019 an auna ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie ta birnin Accra, inda a lokacin ake ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, aka tarar dayoksin da ke cikin ƙwai ɗaya ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci a rana sau 220. Bolarku ba ta kai can ba, amma hanyar ɗaya ce.

Ka killace kajin, ka ba su dusa da ruwa a gida, awaki ma haka. Kada a kwashi tokar bola a kai garka a matsayin taki. Ku haɗu da mai unguwa ku je ma'aikatar magajin gari kan batun kwashe sharar. A cikin gida kuma, matan da ke hura gawayi da leda su bari, kara da ƴan itatuwa sun isa. Masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya su ma ina roƙonsu su koma itace. Baƙin da ke manne wa fatar nan ba ya fita duka da kankara. Yaron da ke tari ba ya jin magani, ko mai asma, a kawo shi a duba.

Wani matashi daga Abalak: Akwai tsohon tano a gidanmu, an ce tun zamanin feshin fara ne. Muna tara ruwa a ciki, an wanke shi tuntuni. Kuma farar da aka tsinta bayan feshi fa?

Ku daina sha daga yau, ku daina ba dabbobi. Diyaldirin da aka yi yaƙin fara da shi a Sahel har cikin shekarun 1980 yana cikin mafi naci. A farkon shekarun 1990 sai da aka kwashe dubban litoci da suka rage a Nijar aka kai Holan aka ƙone a tanderu na musamman. Wanki da omo ba ya fitar da shi daga tsatsa da lungunan ƙarfe. Ku sanar da ma'aikatan kare tsirrai na gidan gona su zo su gani, kada ku sayar wa maƙera su yi murhu ko tukunya da shi. In akwai mai yawan ciwon kai, rawar hannu ko wanda ya taɓa jijjiga a gidan, a kai shi asibiti a ambaci tanon. Farar da aka tsinta a mace ko tana magagi bayan feshi ba a ci, suya ba ta kashe guba.

Wata ma'aikaciya daga Tawa: Ana tallar wani shayi mai wanke jini daga duk wata guba, jika goma kwalin. Yana fitar da waɗannan?

Ba ya fitarwa. Gubar tana cikin kitse, shayin kuwa zawo kawai zai sa ki, wani ma ya taɓa miki ƙoda. Ki sayi buhunan PICS da kuɗin, canjin ki kai yara awo.